Abin da Suke Kira Kunya

Ku da kuke ta rubuto mini kuna tambayar kalar anko, ku yi haƙuri, yau ba maganar atamfa na zo da ita ba. Abin da zan faɗa muku ko ƙawata ta kusa ba ta sani ba, kuma shi ne zai iya watsa auren nan da kuke ta taya ni murna a kansa.

Ga waɗanda yanzu suka shigo: sunana Damaris, 'yar Baba Azariya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a nan Kafanchan. Ina buga wa ɗalibai takardu a wani shagon kwamfuta kusa da kasuwa. An sa bikina da Meshak a Disamba, bayan an haƙe citta, don shi manomin citta ne a Kagoma, kafin nan ko lokacin aski ba shi da shi. Ina son Meshak. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya zo ƙasa yana rubuta mini cewa dole aka yi mini.

Ranar da danginsa suka zo gaisuwar iyaye, Mama ta sa ni na ɗaura atamfarta mai ruwan ganye, na fito da tiren kunun gyaɗa, na durƙusa na ajiye. Idona yana kan tabarma, ina bin zanenta daga wannan baki zuwa wancan. Sai na ji Maman Meshak tana ce wa 'yan rakiyarta irin wannan yarinya ta ƙare a duniya, wai tun da suka shigo ban ɗaga ido na kalli babba ba. Ta ce ita kunyar nan ta saya, ba kyau ba. Aka yi ta tafi da guɗa. Mamata, Mama Roseline, sai washe baki take yi kamar ita aka zo nema.

Jama'a, ba kunya ba ce.

Kallon idon mutum zafi yake yi mini, kamar an dalle mini tocila a fuska. Idan na tilasta wa kaina na kalle ka, to ka sani ba na jin ko kalma ɗaya daga abin da kake faɗa. Leshi yana cizon jikina. Ƙarar injin niƙa tana shiga mini har cikin haƙori. Idan mutum ya ce in leƙo su wani lokaci, sai in tambaye shi wace rana, a yi ta yi mini dariya, ni kuma ban ga abin dariya ba. Murmushin da kuke gani a hotunana a gaban madubi na koye shi tun ina sakandare. Ranar Lahadi idan muka dawo daga sujada a coci, bayan gaishe-gaishen nan na bakin ƙofa, kwanciya nake yi kamar wadda ta yini a gona.

Bara aka yi wa 'yar ƙanwar Mama addu'ar sallama kafin aurenta. 'Yan Zumuntar Mata na cocinmu suka cika tsakar gida da tulu da ganga, ga sifika biyu, ga janareto. Wata ta jawo hannuna cikin fili wai in taka. Daga nan ban san me ya faru ba. A ɗakin ajiya aka same ni bayan buhunan masara, na toshe kunnuwana ina jijjiga jiki, kuma bakina bai buɗe ba sai washegari. Mama ta ce iska ce ta taɓa ni. Aka yi azumi, aka shafa mini man zaitun, aka ce kada kowa ya ji. To a Disamba ni ce zan tsaya a tsakiyar wannan filin, da farin leshi, daga rana har yamma.

Wata rana ina duba waya a shago, sai na ci karo da bidiyon wata mata mai 'ya'ya, tana ba da labarin yadda sai da ta girma likitoci suka gano tana da otizim. A rediyo nakan ji suna ce masa galahanga, kuma ni a kaina abin na yaro ne ƙarami da ba ya magana. Amma matar nan tana magana, tana aiki, tana da miji. Ta yi maganar ido, ta yi maganar ƙara, ta yi maganar gajiyar gaisuwa. Har maganar madubi ta yi. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, mai shago ya ɗauka an yi mini rasuwa ne. Ni kuwa kukan daɗi nake yi, don ashe abin yana iya samun suna.

Kun san kwamitin aure na ikilisiya ba ya ɗaura aure sai an kawo gwajin jini. Ranar Talata muka je asibiti ni da Meshak, yana sanye da rigarsa mai gida-gida, ƙamshin citta na tashi a jikinsa kamar kullum. Sakamako ya fito, jininmu ya dace, ya yi ta murna. Sai na ce masa ina so in ga likita ni kaɗai. Ya ɗauka maganar mata ce, ya sosa ƙeya ya ce bari ya je ya sayo mana rake.

Ina shiga na gane shi. Likitan Dakta Badruddeen ne, ɗan gidan masu atamfa na cikin kasuwa, inda Mama take sayen zanen Zumunta shekara da shekaru. Na ce a raina shi ke nan, kafin in isa gida labari ya riga ni. Amma na riga na zauna. Na tattaro maganar da na yi ta maimaitawa a banɗaki, na sake ta a guje:

"Likita, ina so ka tura ni inda za a duba ko ina da otizim."

Ya ajiye biro, ya ɗan yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce ni da na gama kwaleji, ina aiki, ga shi zan yi aure? Ya ce fargabar biki ce, duk amare suna yi, in rinƙa samun barci.

Fankar sama tana ta ƙiiƙii, wani yaro yana tsala kuka a waje, kalmomin da na shirya duk suka gudu. Ban san hannuna ya fara murza bakin zanena ba, ina gaba ina baya a kan kujera.

Sai ƙarar fanka ta tsaya. Shi ne ya tashi ya kashe ta. Ya tura ƙofa, ya juya kujerarsa ta fuskanci taga.

"Ba sai kin kalle ni ba," ya ce. "Na yi gaggawa, ki yi haƙuri. Fara daga inda kike so. Kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya zuwa kasuwa."

Allah ya saka wa bawan Allahn nan. Na fara da ƙyar, daga baya maganar ta ɓalle. Na gaya masa maganar ido da ƙara da leshi, da buhunan masara, da yadda nake cin gwaten acca kusan kullum don wani abincin yana tayar mini da zuciya. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun da na san kaina. Ya tambayi makaranta, da ƙawaye, da barci, da ko na taɓa jin murya ko ganin abin da wasu ba sa gani, da ko na taɓa tunanin cutar da kaina. Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya, gaskiya tsagwaronta.

Da na gama ya ce shi ba zai iya ce mini ina da shi ko ba ni da shi ba, don ba abin da ake gani a jini ba ne, kuma ba fanninsa ba ne. Ya ce abin da na faɗa ya isa a duba shi da kyau. Akwai ƙwararru a Kaduna, za su zauna da ni, wataƙila ba sau ɗaya ba, kuma yana iya yiwuwa su ce wani abu ne daban. Ya ce ko shi ɗin ne, ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma ciwon da ake sha wa magani ya tafi ba ne. Amfanin sani shi ne in daina yaƙi da kaina, in san abin da zan roƙa a sauƙaƙa mini. Sannan ya ce in yi ƙoƙari in tafi da wanda ya san ni tun ina ƙarama, uwa ko uba, don za su yi tambayoyin yarinta.

Ya rubuta takardar, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Na duba sunan wurin: asibitin ƙwaƙwalwa.

Ku da ba 'yan nan ba, bari in fahimtar da ku. A wajenmu, bayan gaisuwar iyaye, dangin miji sukan tura mutum ɗaya ya bi gida-gida a ɓoye yana bincike: akwai sata a dangin yarinyar? Akwai farfaɗiya? Akwai hauka? Idan aka samu ko ƙishin-ƙishin, ba faɗa ba zagi, sai dai ka ga an daina ɗaga wayarka. Wadda aka ɗora wa bincikenmu ita ce Anti Mildred, ƙanwar Maman Meshak, matar da ko akuyarka ta yi tari sai ta ji. Ita za a ce wa an ga Damaris a ƙofar wannan asibitin.

Na naɗe takardar na sa a jaka. Meshak ya miƙo mini rake ya ce lafiya dai? Na ce zan gaya masa. Bai matsa ba, haka yake.

Na samu Mama a tsakar gida tana tankaɗe acca, ta ɗaura tsohon zanen Zumunta a ƙirji. Baba yana baranda a kujerarsa ta kullum, yana goge tsohuwar fitilar ba jirgi hannu da ya ajiye tun da ya bar aiki. Kullum da yamma sai ya goge ta, ko da jiya ya goge. Ba ya zuwa biki, ba ya son baƙi su daɗe, ko a coci can baya kusa da ƙofa yake zama. Mutane suna cewa Baba Azariya mutumin kirki ne, ba ruwansa da kowa.

Mama ta tambaye ni yaya asibiti. Wata 'yar da ta fi ni wayo da ta ce lafiya lau ta wuce ɗaki. Ni ƙarya ba ta zama a bakina, ko na yi niyya. Na zauna a kan turmi na gaya mata komai.

Ta ajiye faifan a hankali. Ta ce Yesu ya hana, babu mai wannan abu a gidanta. Ta ce Mildred ta riga ta je har tsohon kwatas ɗin 'yan reluwe tana tambayar maƙwabtanmu na dā. Ta ce in ɓoye takardar a cikin Littafi Mai Tsarki, bayan biki in je ko Legas ne, ba ta hana ni ba.

"Mama, Meshak fa? Ya auri wadda bai sani ba?"

"Wace mace ce ta shiga gidan miji da komai nata a tafin hannu? Ki shiga tukuna."

"Ranar biki idan suka same ni a bayan buhu fa?"

Nan ta fashe da kuka. Ban taɓa ganin Mama tana kuka irin wannan ba. Ta ce tun ina 'yar ƙarama take tare mini bakin mutane. Masu cewa kurma ce, masu cewa girman kai ne, masu cewa an yi mini asiri, duk ita ta sha su. Ita ce ta fara ce musu kunya ce, har kalmar ta zauna. Yanzu da Ubangiji ya kawo mijin kirki, ni da kaina zan je in kwance abin da ta ɗaura? Ta ce ƙafarta ba za ta taka wannan asibitin ba.

Na ji tausayinta har cikin raina, kuma na ji haushinta. Baba ya ci gaba da goge fitilarsa.

Kafin magariba na shiga ɗaki na rubuta wa Meshak. Ya san ba na son kira, don haka komai namu a rubuce ne.

"Meshak, akwai abin da ban gaya maka ba. Rashin kallon idon da Mamarka take yabo ba kunya ba ce. Ina zaton ina da otizim. Likita ya tura ni asibitin ƙwaƙwalwa a Kaduna a duba. Zan je ranar Litinin. Ban so ka aure ni ba ka sani ba."

Na tura. Alamar nan ta koma shuɗiya. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga nan shiru.

Ku 'yan mata kun san wannan shirun. Washegari a shago na buga wa wani ɗalibi shafi guda sau biyu. Na duba waya har batir ya yi ja. Na ce wa kaina ai Kagoma ba sabis, alhali na san a kan tudun gonarsa sabis ya fi na cikin gari. Sai bayan azahar saƙo ya shigo: "Ki same ni a tashar jirgi idan kin tashi."

Tsohuwar tashar jirgi ita ce wurina tun ina yarinya. Taragu sun yi tsatsa, ciyawa ta cinye layin dogo, awaki ne kawai suke yawo. Babu sifika, babu mai cewa in gaishe shi. Na same shi zaune a bakin dandamali, takalminsa duk jar ƙasa. Na zauna a gefensa, mu biyu muna kallon dogo.

Ya ce jiya bai iya cin abinci ba, ya yi ta karanta abin a waya har kansa ya yi zafi, rabin Turancin bai gane ba. Ya tambaye ni ko ana warkewa, na ce likita ya ce ba irin wannan ba ne. Ya tambayi 'ya'ya, na ce ban sani ba, yana cikin abin da zan tambaya. Na gaya masa maganar buhunan masara, da madubi. A nan ne muryarsa ta canza.

"Wato duk murmushin da kike yi mini na madubi ne?"

Na yi tunani sosai, don ban so in ba shi amsar daɗin baki.

"Na farko-farko na madubi ne. Amma ka tuna ranar da ka kashe babur tun daga bakin layinmu, ka turo shi da hannu har ƙofar gida? Na wannan ranar nawa ne. Daga nan duk nawa ne."

Ya yi 'yar dariya ta hanci. Ya ce shi ya lura duk lokacin da ya iso da ƙarar babur sai in ɗage kafaɗa kamar za a mare ni, shi ya sa ya fara kashewa. Bai san abin yana da suna ba. Ya ce idan an je an dawo, ko an ce ina da shi ko an ce babu, ai ni ɗin ce dai za ta sauko daga mota. Na ce ƙwarai. Ya ce to shi wannan yake so.

Kada ku fara guɗa tukuna, bai gama ba.

"Amma Mama," ya ce. "Damaris, tun da Babanmu ya rasu ban taɓa ce mata a'a ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san ko zan iya tsayawa a gabanta da wannan maganar ba. Ki je a ɓoye tukuna. Ki ba ni lokaci."

Abin ya yi mini ciwo, amma na fi son wannan da alkawarin da ba zai cika ba. Ya ce ranar Litinin zai zo tashar mota ya sa ni a mota, iyakar abin da zai iya ke nan yanzu.

Ranar Litinin da safe na sa doguwar rigata ta auduga mai laushi, wadda na yanke wa 'yar takardar kamfani da ke cizon wuya, na ɗaura ɗankwali baƙi. Mama tana kicin ta juya mini baya, gaisuwata ma da ƙyar ta amsa. Amma da na ɗauki jakata na ji ta yi nauyi. Filas ɗin kunu ne da dafaffiyar doya a leda, har da ɗan manja a kwalba. Mama ba ta juyo ba.

Na kai ƙofar gida ke nan na ji takun takalmi a bayana. Baba ne, cikin tsohon kakinsa na aiki, ya ɓalla maɓallai har wuya, ya taje furfurarsa. Rabon Baba da fita daga garin nan har na manta.

"Likita ya ce wanda ya san ki kina ƙarama," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ni ma na san ki."

Ya ce yana tuna yadda nake jera marafan kwalba a baranda daga wannan bango zuwa wancan, idan aka taɓa ɗaya in yi ta ihu. Ya ce shi bai taɓa taɓawa ba, tsallakewa yake yi, don ya san yadda abin yake. Sannan ya gyara wuyan rigarsa, ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa:

"Idan mun je, ki tambaye su ko suna duba tsofaffi."

Cokalin da Mama take juya tukunya da shi ya tsaya. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini. Ba mu rungumi juna ba, mu biyun ba ma so. Ya karɓi jakata ya riƙe, muka tari keke napep.

Tashar mota cike take da ihun 'yan kamasho da hayaƙi. Na toshe kunne ɗaya da yatsa, Baba ya sa kai ƙasa, muka bi gefe. Meshak yana tsaye jikin motar Kaduna ya riga ya kama mana wuri. Da ya ga Baba ya cire hula ya rusuna, mamaki ya cika masa fuska. Ya buɗe mana ƙofa.

A kujerar tsakiya, da ƙatuwar jaka a cinya da gilashi a goshi, Anti Mildred ce zaune. Kasuwar Kaduna za ta, sayen ankon bikina.

Ta washe baki ta ce a'a, amaryarsu ce da sassafe haka, har da Baba? Ina zuwa? Idonta yana yawo daga kakin Baba zuwa jakata.

Meshak ya yi wuf ya ce maganar fanshon Baba ce, ana tantance tsofaffin ma'aikata, ni kuma rakiya zan yi. Anti Mildred ta ce Allah sarki, yarinyar kirki, ta matsa ta ba ni wuri. Ta dafa gwiwata tana ce wa matar da ke gefenta ta ga amaryar tasu, ko ɗaga ido ba ta yi.

Kun ga ƙofar tsira a buɗe, ko? Abin da ya rage mini kawai in sunkuyar da kai in yi shiru, kamar yadda na saba tun ina yarinya. Shirun zai wuce a matsayin kunya, a yi biki a Disamba, kowa ya ji daɗi. Sai na tuna za mu yi tafiyar nan gwiwa da gwiwa har Kaduna, bayan ta kuma akwai wata tafiyar ta dukan rayuwa, ina sunkuye. Na gaji, jama'a. Gajiyar ce ta buɗe mini baki.

Ban kalle ta ba, kuma ban tilasta wa kaina ba. Na kafa idona a kan wata yagewa a jikin kujerar gaba.

"Anti, ba fansho ba ne. Asibitin ƙwaƙwalwa za mu. Likita ne ya tura ni a duba ko ina da otizim. Ba hauka ba ne. Kuma rashin ɗaga idon nan ba kunya ba ce, haka Allah ya yi ni."

Hannun da ke kan gwiwata ya janye. Daga bayana na ji muryar Baba, shi da ba ya magana a cikin mutane, yana cewa haka ne, kuma shi ma za a duba shi.

Anti Mildred ta kau da kai. Ta zuge jakarta, ta ciro waya, ta sauke gilashin daga goshi. Ina ganin sunan da ta danna: Yaya Maman Meshak. Wayar ta fara ringin, ta ɗaga ta za ta kai kunne.

Sai hannu ya shigo ta taga, hannu mai kanta, mai jar ƙasa a ƙarƙashin farce. Na san hannun nan.

"Anti, ba ni," Meshak ya ce. "Maganar matata ce. Daga bakina za ta ji."

Ta yi kamar za ta hana, sai ta sake masa. Muna ji aka ɗaga daga can, muryar tsohuwa tana cewa alo, Mildred, kun tashi? Direba ya tayar da mota, ɗan kamasho ya buga ƙofa ya rufe. Meshak ya riƙe tagar da hannu ɗaya yana bin motar da ƙafa, gumi na bin wuyansa, wayar a kunnensa.

"Mama, ni ne," ya ce. "Ki nemi wuri ki zauna. Zan gaya miki wani abu a kan Damaris, kuma kafin in fara, ki sani ba na fasawa."